Dokar da Na Kafa Bayan La'asar

Masinja nake a lokacin, a wani ofis da ke GRA, Turancina kuwa na tsintuwa ne. Wata rana na isar da saƙo da baki, sai wani akawu ya ce maganata kamar tsintsiya ce da ba a ɗaure ba, kowace kalma da inda ta nufa. Aka kwashe da dariya. Na dawo gida, unguwar Gobarau, ina rantsuwa cewa 'yata ba za ta sha irin wannan ba.

A makarantarsu ana hukunta wanda ya yi Hausa a aji. Na ɗauko dokar na kawo gida: daga la'asar zuwa magariba, ba Hausa a bakinta. Nakan zaunar da ita a tabarma ta yi ta haɗa jimloli da and, da but, da because. Jimlar tambaya, jimlar umarni, gajera da doguwa. In ta bar jimla a rataye sai in sa ta sake, alhali ni ma rabin kurakuran ba gane su nake yi ba.

Ban yi tunanin Inna ba, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga Batagarawa bayan ta makance. Bayan la'asar ne lokacin hirarta da jikarta. Tana ɓarar gyaɗa, yarinyar tana kawo mata labarin unguwa.

"Ƙawata, wa ya yi sallama?" in ji Inna.

Yarinyar ta dube ni. Na girgiza kai.

"Ke, kin haɗiye harshen ne? Ko Baturen gidan ya hana?"

Na ce, "Inna, karatu take. Sai an jima."

"To, Bature. Allah ya ba da sa'a."

Da an yi magariba Inna takan kama lazimi, daga nan sai barci. A hankali ta daina tambaya, ta daina ma fitowa tsakar gida. Ni kuwa na ɗauka tsufa ne.

Ranar da jikinta ya tsananta, mun ji muryarta daga ɗaki tana kiran ƙawarta. Yarinyar ta yunƙura. Da bakina na ce ta ƙarasa aikin tukuna, saura kaɗan.

Ta ƙarasa. Ko da ta shiga, Inna ta daina gane mutane. Ina tsaye a bakin ƙofa ina jin yarinyar tana faɗa mata wadda ta haihu, da wanda ya tashi daga layinmu, tana tsayawa bayan kowane labari ko za a amsa mata.