Wayar da Na Ara a Gindin Lagireto

Shekarun baya, zamanin da kuɗin mai suka fara kwararowa ƙasar nan kowa ya rikice da saye-saye, muna zaune a gidan gwamnati a Nassarawa GRA, irin gidajen nan masu faɗin fili da bishiyoyin mangwaro da ɗakunan ma'aikata a baya. Mahaifina babban ma'aikaci ne. Da aka yi ƙarin albashin nan da ya gigita mutane, sai ya sayo sabuwar mota dal, fara, ƙirar Faransa, irin wadda manya ke yayi a lokacin. Ledar kujerunta ma sai da ta yi wata shida kafin ya yarda a cire.

Ni kuma shekarata goma sha tara, na yi zango biyu kacal a makarantar koyon sana'a, sashen lantarki. Zango biyu fa, jama'a! Amma in kun ga yadda nake yawo da sukundireba a aljihun gaba, sai ku rantse ni na kafa tashar wutar Kainji. Sau ɗaya na gyara dutsen guga, daga nan mahaifiyata ta fara ce mini Injiniya, ni kuwa na karɓi sunan hannu bibbiyu.

Direbanmu dattijo ne daga wani ƙauye a ƙasar Katsina. Shekararsa goma sha biyar tare da mahaifina, shi ya riƙa kai ni firamare, kuma duk gidan Baba muke ce masa. Kullum bayan asuba sai ya buɗe bonet ya duba ruwa, ya duba mai, ya goge injin da tsumma. Ba shi da yawan magana, amma ƙwayar ƙusa ba ta sauya wuri a motar nan bai lura ba.

Ana nan sai wani abokina ya dawo daga Ikko da rediyon mota mai cin kaset. Na bi mahaifina da naci har ya saya, na kuma ce ba sai an kai gareji ba, ni zan haɗa. Abin da nake bukata shi ne wayar da ke kawo wuta idan an murɗa makulli. Na laluba na laluba, can sai na hango wayoyi biyu sun gangara zuwa wani ɗan ƙarfe da aka ɗaura a gindin lagireto. Na ɗora ƙwan gwaji a kan ɗaya, na murɗa makulli, ƙwai ya kama. Na ce a raina, ikon Allah, lagireto da ruwa yake sha, me zai yi da wuta? Turawa dai da almubazzaranci. Na fizge wayar, na ƙara mata tsawo, na naɗe da baƙin salatif, na cusa ta cikin 'yan uwanta tsaf-tsaf har zuwa cikin mota. Kaset ya tashi raɗau.

Zo ku ga murna wurin mahaifina. Duk abokin da ya rage wa hanya sai ya kunna masa, ya ce, "Ka ji sauti? Yaron nan nawa ne ya haɗa da hannunsa." Ni kuwa kaina ya ƙara girma, hula ma da ƙyar take zama.

Washegari da safe Baba ya kira ni gaban motar. Ya nuna salatif ɗin da yatsa ya ce, "Ɗan Alhaji, wannan wayar taka, anya ba wani ke amfani da ita ba kuwa kafin ka ɗauka?"

Na yi dariya na ce, "Haba Baba, kai dai tuƙi ka sani. Wannan fannin namu ne."

Ya ce, "To, Allah ya sa alheri." Ya rufe bonet.

Lokacin sanyi ne, don haka mota ba ta ce uffan ba. Sai da bazara ta kama sosai sannan ta fara nuna hali. In an ɗau hanyar Zariya ana gudu, lafiya lau. Amma da an shiga cunkoson gari ana tafiya ana tsayawa, sai allurar zafi ta fara hawa, kafin ka ce kwabo ruwa na tafasa, tururi na fita ta bakin bonet. Da yake kusan wata uku ke nan da haɗa kaset, ba wanda ya kawo shi a ransa. Ni kaina ko a mafarki.

Aka fara zagayen makanikai. Na farko ya ciro wani ɗan ƙarfe daga hanyar ruwa ya jefar, ya ce na ƙasashen ƙanƙara ne, mu nan ba ruwanmu da shi. Na biyu ya wanke lagireto da garin sabulu. Na uku ya canza bel. Kowannensu sai ya leƙa ya ga fanka tana juyawa ya ce fanka ƙalau take. Mota kuwa ta ci gaba da tafasa abinta. Mahaifina ya fara tsargar Baba. Yau ya ce bai zuba ruwa ba, gobe ya ce tsufa ya sa yana taka mota ba bisa ƙa'ida ba. Baba sai dai ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Alhaji."

Ranar da abin ya ƙare wata Asabar ce. Mahaifina ya ɗauko abokansa uku za su ɗaurin aure cikin birni, kowa ya sha babbar riga ta shadda, an fesa turare. Suna isa tsakiyar shataletale mota ta tafasa ta mutu. Masu motocin baya suka dame su da hon. Ba yadda aka iya, manyan mutane uku suka naɗe hannun riga suka tura ta gefen titi, ɗaya har hularsa ta faɗi wani mai keke ya bi ta kai. Ko da suka samu tasi suka isa, an shafa fatiha an watse.

Da ya dawo gida, a tsakar gida ya tsaya ya dubi Baba ya ce, "Malam, mun yi zaman arziki, kada mu ɓata. Ƙarshen watan nan ka koma gida ka huta, zan nemi mai jini a jika." Saura kwana tara wata ya ƙare.

Mahaifiyata ta ba shi baki, ya ce ya gama magana. Sai ta kira ni ɗaki ta ce, "Kai Injiniya, ina amfanin karatun naka? Bawan Allahn nan da iyali a ƙauye, yana da 'ya'ya mata biyu da za a aurar bana. Ka nemo abin da ke damun motar nan." Na bugi ƙirji na ce ta bar mini komai. Wallahi har ina hango kaina na ceci Baba ana yi mini jinjina.

Na yi kwana biyu ina leƙe-leƙe ban gano komai ba. Da na ga ba sarki sai Allah, sai na bi shawarar abokina ni da Baba muka kai ta wurin wani tsohon mai wayarin, wato mai gyaran wutar mota, a Gawuna, wanda aka ce ya taɓa aiki da Turawa. Mutumin bai taɓa komai ba da farko. Ya ce a tayar da mota a bar ta a tsaye, ya ja benci ya zauna yana cin goro. Da allura ta kusa ja, sai ya tashi ya ɗauko guntun kwali ya kara wa fankar. Cak ta tsaya.

Ya ce, "Kun gani? Juyin banza take. Irin wannan fankar ba ta kamawa da ƙarfi sai an ba ta wuta. Ɗan ƙarfen nan na gindin lagireto, sansa ake ce masa, shi ke jin zafin ruwa. In ruwa ya yi zafi sai ya saki wuta, fanka ta kama. Bari mu gani ko shi ne ya mutu."

Ya kashe mota, ya durƙusa ya zura hannu. Sai ya ce, "A'a! Ai waya ɗaya ce a jikinsa. Ina ɗayar?" Ya bi wayoyin da yatsa, ya fara warware baƙin salatif a hankali, yana bi yana bi har ya zura kai ƙarƙashin sitiyari. Ya fito yana riƙe da wayata kamar ya kamo ɓera ta wutsiya.

"Wane jakin ne ya yi wannan aikin?"

Sukundirebana na aljihu, ina jin nauyinsa kamar taɓarya. Sai na ji Baba ya ce, "Malam, mota ai hannu da yawa ke taɓa ta. A gyara dai."

Cikin minti goma mai wayarin ya mayar da wayar mazauninta, ya jawo wa kaset tasa daga wurin fis. Aka sake tayarwa. Da zafi ya hau sai muka ji ƙas, fanka ta ɗauka da ƙugi, allura ta fara sauka. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi ta kuma ba ni kunya lokaci guda irin wannan ba.

A hanyar gida na kasa kallon Baba. Da ƙyar na ce, "Baba, dama ka sani?"

Ya ce, "Ban san sunan abin ba. Na dai san wayar can take, ka ɗauke ta, mota ta fara ciwo."

"To me ya hana ka faɗa wa Alhaji? Ko makanikan?"

Ya ce, "Duk abin da na gaya wa makanike, kunnen Alhaji zai koma. Mutum yana nuna wa abokansa aikin ɗansa yana jin daɗi, ni da nake cin tuwon gidansa in je in ce ɗanka ne ya ɓata? Da wane bakin? Ka bari kawai, in mun je ni zan yi bayani."

Muka tarar da mahaifina a baranda yana karanta jarida. Baba ya durƙusa ya ce an gyara, wata waya ce ta bar wurinta. Na yi ajiyar zuciya, na ɗauka an wuce wurin. Mahaifina ko ɗaga kai bai yi ba ya ce, "Waya ta bar wurinta wata da watanni, kai da kake buɗe bonet kullum ba ka gani ba? Ai ka ga abin da nake faɗa. Maganata tana nan."

Baba ya ce, "To, Alhaji." Ya yunƙura zai tashi.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sai da na yi shiru na ɗan lokaci. Ina tsoron mahaifina, ina kuma son sunan nan nawa. Amma da na ga dattijon nan ya juya yana laluben takalminsa, sai na ji ba zan iya ba. Na zube na ce, "Alhaji, ni ne. Ni na cire wayar na haɗa kaset da ita. Baba ya yi mini magana tun washegari, na ce masa tuƙi kawai ya sani."

Mahaifina ya sauke jarida. Ya dube ni, ya dubi Baba, ya sake dubana. Ya ce, "Wato kai ka sa manyan mutane tura mota a shataletale?" Daga cikin ɗaki muka ji mahaifiyata ta tuntsire da dariya, tana cewa, "Oh ni, Injiniya!" Shi ma ya so ya daure, abin ya ci ƙarfinsa.

Da dariyar ta lafa sai ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa gani ba, ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Malam, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah." Baba ya rasa inda zai sa kansa, sai "Ba komai, Alhaji, ba komai" yake ta maimaitawa. Ni kuma aka yanke mini hukuncin wanke mota kullum da safe har hutun makaranta ya ƙare, Baba na zaune a kujera yana nuna mini inda ban goge ba. Ya kuwa more wannan mulkin, har tayoyi sai na wanke sau biyu.

Tun daga ranar ban ƙara cire wata waya ba sai na san inda ta fito da inda za ta. Kuma in wanda ya girme ni ya yi mini tambaya a hankali, nakan tsaya, don na gane mutanenmu sau da yawa da tambaya suke yin gargaɗi. Har yau in na tuna saura ƙiris mutumin kirki ya rasa abincinsa saboda kare mutuncina, sai in ji kunya ta rufe ni.

Baba ya ƙara shekara goma sha ɗaya a gidanmu, sai da ya ce da bakinsa idonsa ya gaji. Bayan ya koma ƙauye na kai masa ziyara, muna zaune a zaure na tambaye shi, "Baba, don Allah, da na yi shiru ran nan, tafiya za ka yi?"

Ya ce, "Da na tafi mana. Amma na san ba za ka iya yin shiru ba, ai a gabana ka girma." Ya ɗan yi murmushi ya ƙara da cewa, "Sai dai ka jinkirta, Ɗan Alhaji. Har na sa takalmi ɗaya."