Robar da Inna Ta Yi wa Tattali

Wata Lahadi ce bayan an gama shigar da gero rumbu, a shekarar da aka yi ta kwasar samari zuwa yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, Baba ya shigo majami'a rungume da wani abu naɗe a tsumma. Majami'ar tamu ba gini ba ce, rumfar kara ce a gindin tsamiya, a wata 'yar unguwa tsakanin Safana da Batsari, kututturai ne kujerunmu. Bayan an yi waƙa an zagaya da ƙwaryar baiko, sai ya warware tsumman ya ɗaga sabon tub na keke, wato robar nan ta cikin taya da ake buga wa iska. Jawur yake, ko faci ɗaya babu. Aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu kamar jinjiri ranar suna. Tsohuwa Kande ta shinshina ta ce, "Kai, ƙamshin Bature gare shi." Aka yi dariya har da ƙwalla, sannan Baba ya ce a sunkuyar da kai a gode wa Ubangiji. Ni ban wuce shekara tara ba, ƙanena Iliya yana kan cinyata, kuma da tub ɗin ya iso gare mu sai ya kai shi baki zai ciza.

Duk wanda bai ga wancan zamani ba zai ce mun rasa abin yi ne. Baba mai bishara ne, mu kuwa Kiristoci ba mu da yawa, gidajenmu a warwatse cikin gonaki, wannan bai hango wancan. Ba mu da ƙararrawar kiran sujada sai ta keken Baba. Kowace Lahadi da sassafe yakan bi gidajen ɗaya bayan ɗaya yana kaɗa ta, mu yara mu bi shi a guje har numfashinmu ya ƙare. Da yaƙi ya yi tsanani komai ya tsaya. Kananzir ya yi tsadar da Inna ta rataye fitilar ƙwai ta koma aci-balbal, addu'ar maraice ta Laraba ta mutu don ba wanda zai iya haskaka littafin waƙa. Baturen mishan da ke zuwa da mota ya daina, wai fetur sai da awo. Tsohon tub ɗin Baba kuwa faci ya fi robar yawa, har ya gaji ya mutu. Daga nan aikina ne kowace Asabar, in na dawo daga ɗiban ruwa, in cusa busasshiyar ciyawa da tsummoki cikin tayar baya in danna da muciya. Keken yakan tafi yana ƙugi yana tsalle, Baba ya dawo yana dafe da ƙugu. Abin haushin ma, mu ne ake turawa daji mu tsaga gamji mu taro wa Bature danko don yaƙi, ga shi a gidanmu ba mu da robar da za ta riƙe iska.

Inna ce ta sayi tub ɗin nan, in za a faɗi gaskiya. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma tana da asusun ƙasa a bayan randa wanda ko haraji ya matso ba ta yarda a kalle shi. Da Malam Habu mai gyaran keke a Batsari ya aiko cewa ya samo tub guda, ita da kanta ta ɗauki taɓarya ta fasa asusun. Bai kai ba, sai 'yan majami'a suka cika da damin geron da aka kawo na godiyar kaka. Abin da aka saya da irin wannan wahala kuwa, wa zai sa shi a hanyar ƙaya? Baba ya ce ciyawa ta ishe shi zagayen Lahadi, tub a ajiye shi don ranar larura. Inna ta naɗe shi ta sa a sabuwar tukunya ta rufe da faifai. Ita mace ce mai tattali, gugan fatarmu ya girme ni amma ko tsagewa bai yi ba, don ba ta barinsa ya bushe. Haka ta ɗauki tub ɗin nan. In ta gama matsar mai, ta ɗebi na farko mai kyau, ta ciro shi ta shafe shi tas da tafin hannu tana 'yar waƙarta. "Wannan shi ne jakinmu, shi ne likitanmu," in ji ta.

Larurar ta zo da bazara, lokacin da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa. Sanƙarau ya shigo ƙauyukan yamma, muna jin koke-koke daga nesa. Wata safiya ina carafke a ƙofar ɗaki na kira Iliya ya zo ya tsince mini duwatsu, bai zo ba. Na tarar da shi kwance jikinsa kamar garwashi, wuyansa ya sanƙare baya, yana kuka in haske ya taɓa idonsa. Kowa ya san akwai ƙwayar magani a asibitin mishan da ke kan hanyar Katsina, kuma kowa ya san ciwon nan ba ya jira. Inna tana da tsohon ciki, ko bakin rijiya da ƙyar take kaiwa. Ta jawo tukunyar ta ciro shi. Na lura tub ɗin ya yi laushi yana manne wa yatsa, amma wa ke da hankalin tambaya? Baba ya zazzage ciyawa, ya sa shi, ya kama famfo. Tayar ta fara tashi, Inna ta ce, "Mun gode maka, Yesu." Ya goya Iliya da zanenta ya hau. Bai kai tsamiyar majami'a ba muka ji fus, kamar an taka rubabben gwanda. Ya sauko ya zare tub ɗin, ya ja shi kaɗan don neman hujin, sai ya rabu biyu a hannunsa.

Muka tattara ciyawar da aka zubar muka mayar. Tayar ciyawa ba ta ɗaukar mutum biyu cikin rairayi, don haka aka shimfiɗa Iliya a cikin kwando kan kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke, Baba yana tura keken, ni ina tafe a gefe na tallafe masa kai. Mun wuce gonaki an share su ana jiran ruwa, mun wuce Fulani suna janye shanunsu daga hanya da suka ga abin da muka ɗauko. Ina jiƙa gefen ɗankwalina da ruwan gora ina ɗiga masa a baki. Baba bai yi addu'a irin ta majami'a ba, kalma ɗaya yake ta maimaitawa, "Ka ji tausayi, ka ji tausayi." Ƙafafuna suka fashe, ban ji ba sai daga baya.

Rana ta karkata muka shiga Batsari, sai ga babbar mota a bakin kasuwa ana ɗora mata buhunan gyaɗa za ta Katsina. Zuciyata ta yi fari. Baba ya cire hula ya durƙusa gaban direba. Mutumin bai yi mana wulaƙanci ba, amma kuɗin da ya faɗa ya ninka wanda muka sani har ya wuce hankali. Ya ce fetur ɗin da aka auna masa bai kai shi ba, sauran a bayan fage ya saya da tsadar jini. Baba ya laluba aljihu, 'yan kwabbai ne. Kuɗin da zai biya motar nan yana cikin asusun da aka fasa. Ya ce to a karɓi keken. Direba ya dubi tayar da ciyawa ke leƙowa, ya dubi yaron, fasinjojin da ke saman kaya suka fara ihu kada a hau musu da sanƙarau. Motar ta tashi ta bar mu tsaye.

Malam Habu ne ya hango mu daga rumfarsa. Musulmi ne, dattijo mai tsokana, kullum in ya ga Baba sai ya ce ga limamin da ladaninsa ƙararrawar keke ce. Ranar bai yi tsokana ba. Ya kifar da nasa keken, ya zare tub ɗinsa mai faci ya shiga sa wa na Baba. Yana aiki Baba ya miƙa masa guntayen jar robar. Malam Habu ya murza, ya shinshina yatsunsa.

"Malam, mi aka shafa ma wanga?"

"Man gyaɗa. Uwar yaran ke kula da shi, don kada ya bushe."

Malam Habu ya ce a hankali, "Ai roba ba fata ba ce. Mai cinye ta yakai."

Baba ya juyo ya dube ni, idanunsa jawur. "Rahila, abin da kika ji nan, ki bar shi nan."

Ya goya Iliya ya hau, ya bar ni wurin matar Malam Habu, wadda ta dama mini fura ta wanke mini ƙafafu. Washegari da hantsi na ji ƙarar keke na fito a guje. Baba ne shi kaɗai, zanen Inna a ninke ɗaure kan kariya. Ya ce ya hango rufin asibitin ke nan ya ji goyon ya yi nauyi. Can aka binne shi, Inna ba ta taɓa ganin kabarin ba.

Lahadin da ta biyo na ɗauka ba za a yi sujada ba, amma da sassafe na ji ƙararrawa tana bin gidaje. A rumfa Baba ya tayar da waƙa muryarsa ta karye, tsohuwa Kande ta ɗauka ta kai ta ƙarshe. Da muka koma gida Inna ta zauna gaban tukunyar nan da ba komai ciki, ta ce wa Baba, "Malam, makon da ya wuce ban shafa masa mai ba, jikina ya yi nauyi. Da na shafa, da bai fashe ba." Na buɗe baki, Baba ya dafa kafaɗata ya matse. Ya ce mata, "Kayan yaƙi ne, ba su da ƙwari. Ke kin yi iyakar ƙoƙarinki." Ta haifi ƙanwata bayan kwanaki kaɗan, ta rayu har ta ga jikoki, kuma duk bazara sai ta sake faɗar maganar makon nan da ta tsallake. Ni da Baba mu dubi ƙasa.

Yanzu majami'armu ta bulo ce, da ƙararrawar ƙarfe da ake ji har bakin hanya, kuma asibiti bai fi tafiyar babur ba. Sai ga shi fetur ya sake tsada, jikokina sun jingine baburansu sun kakkaɓe tsofaffin kekuna suna zuwa sujada a kai, suna mita kamar a kansu aka fara. Nakan bar su da mitarsu. Amma ran nan na ga ƙaramin yana zuba wa sarƙa mai yana ɗiga kan taya, ban san lokacin da na daka masa tsawa ba, har yaron ya tsorata. Na so in ba shi labari, sai na tuna hannun Baba a kafaɗata. Shi da Inna sun daɗe da tafiya, shi ya sa yau na iya rubutawa. Inna ta mutu tana ganin ƙaunarta ce ta gaza, alhali yawa ta yi.