Darasun Bayan La'asar

Lokacin da na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin manhaja a Takur, mahaifina bai hana ni ba, amma bai sake ni gaba ɗaya ba. Alaramma ne, makarantarsa tana ƙofar gidanmu a Yalwawa, ni kuma nake riƙe masa ajin matan aure. Ya ce in je in gwada zuwa kaka. In ya ga amfanin abin, shi ke nan. In bai gani ba, in dawo ajina. Ni kuwa ina son aikin nan kamar me.

Na rasa yadda zan fahimtar da shi abin da nake yi. Kamfanin ya haɗa wani ɗan aike na ƙirƙirarriyar basira wanda manoma suke yi wa tambaya ta waya. An ba shi kayan aiki: na hasashen ruwan sama, na cututtukan dabbobi, na harkar shuka da taki. Kowanne an rubuta masa ɗan bayani, kuma da bayanin nan kaɗai ɗan aiken yake zaɓar wanda zai ɗauka. Aikina in karanta in ce wannan ya yi, wannan bai yi ba. Duk sanda na ɗauko wannan dogon zance sai Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Wato dai danna waya."

Rannan kawuna ya zo daga ƙauyensu na wajen Ringim. Na ga dama ta samu, na miƙa masa wayar a gaban Baba, ina ta iyayi. Kawu ya ce akuyarsa na zawo, me zai yi? Ɗan aiken ya amsa cikin ladabi cewa a zuba taki bayan noman farko, a kuma jira ƙasa ta yi laima.

Kawu ya yi dariya har hularsa ta faɗi. "To ita akuyar za ta iya jiran noman farkon?"

Kunya ta kama ni, haushi ma haka. Baba bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "karanta mini abin da aka rubuta masa."

Bayanan kayan aikin da Turanci suke, na fassara guda biyu. Ɗaya ya ce yana ba manomi shawara kan matsalolin gona. Ɗayan ya ce yana taimakon manomi in ya shiga matsala.

"Na biyun shi ne na dabbobi," na ce.

"A ina aka rubuta haka?"

"Ai kowa a ofis ya sani, Baba."

"Shi ɗan aiken a ofis ɗin yake kwana?" Ya gyara zama. "In gardi ya rubuta allo da ka ya kawo mini darasu, harafi-harafi nake bi. In ya bar ɗigo sai na sa masa alama, ko da ya karanta daidai da bakinsa. Ni allo nake dubawa, ba abin da yake nufi ba."

Daga nan muka samu sabuwar al'ada. Bayan la'asar sai in zauna a gefen buzunsa in karanta masa bayani ɗaya, shi kuma ya zama ɗan aiken, wanda bai taɓa ganin kayan ba. Ban taɓa sanin Baba yana da tsokana haka ba. "An ce in duba ruwan sama. Na wane gari? Na yau ko na baɗi?" Wani lokaci ya ce, "Kin faɗa mini sanda zan ɗauke shi. Yaushe zan bar shi?" In na fara kare marubucin sai ya ɗaga yatsa, in yi shiru muna dariya. Tun ina ƙarama ban samu hira da shi irin ta daminar nan ba, kuma na ji daɗinta ƙwarai.

A ofis da farko masu rubutun sun ce na fiye ƙaƙale. Daga baya su da kansu, duk bayanin da suka gyara sai su gwada shi da tambayar akuyar Kawu.

Kaka ta yi, aka fara shigo da dammunan gero, Baba bai tayar da zancen komawa ajina ba. Ni ma na ƙi tambaya. Wata Juma'a ina kai ruwa zaure, na ji wani abokinsa yana tambaya wai me 'yar tasa take yi a Takur.

"Darasu take yi," in ji Baba. "Gadon gida ne. Ɗalibin nata ne dai ba ya zama a tabarma."

Saura kaɗan in zubar da ruwan don murna. Da zan fita ya kira ni ya ce ajin matan ya ba ƙanwata.

"Amma bayanin ruwan saman nan har yanzu bai faɗi abin da za a yi in manomi bai ambaci garinsu ba. Ki kawo shi gobe bayan la'asar."