Noti Ashirin da Biyu na Yaya Garba

Ku matso nan, 'ya'yan Garba da jikokinsa. Lawali, kai ne babba, jawo tabarma ka zauna kusa, don maganar ta fi shafarka. Na ji kun yanke shawara ran Asabar 'yan gwangwan za su zo su daddatsa motar ubanku, Dafa-Duka, su ɗora ta a sikeli, wai bakanike ya ce tunda mai ita ya rasu babu mai gane kanta. Ni Gwaggonku Ige ban yi boko ba, ban taɓa riƙe sitiyari ba, ko kasuwar Ƙaura sai in shekara ban leƙa ba. Amma a-kori-kurar nan a bayan dangata take kwana tun ba a haifi wasunku ba, ni kuwa ina bakin ƙofa ina ɓarar gyaɗa. Kunnena ya sha. Ku saurara tukun, sannan ku kira masu sikeli.

Ubanku taubashina ne, ɗan kawuna, gida ɗaya muka tashi. Kun san halinsa. In ya dawo daga masallaci da asuba, ba ya gaida kowa sai ya gaida mota. Ya ɗauko sufana ya bi ƙafafunta yana ƙwanƙwasa noti ɗaya bayan ɗaya: biyar, biyar, shida, shida. Sai ka ji ya ce, "Ashirin da biyu, alhamdu lillahi." Sannan ya leƙo ta kan danga ya ce, "Ige, kin kwana?" In ce, "Ni ce ta ashirin da ukku ke nan?" Ya ce, "Ke ai ba ki kwancewa."

Yadda aka yi gaba ya zama biyar baya shida, ga shi. Wata kaka ya lafto mata gero daga Banga, aksul ɗin baya, ƙarfen nan da ke riƙe ƙafafun, ya ce ƙaras, ya karye. Aka nemi irin nata ƙasa da sama, babu. Ran kasuwar Shinkafi sai ga shi ya dawo da wani ƙaton aksul a motar haya, na wata mota da ta fi tasa girma, an ciro shi daga cikin tarkace. Mamman bakanike, Allah ya jiƙansa shi ma, ya zagaya shi sau biyu ya riƙe baki.

"Malam Garba, wanga ba nata ba ne."

"Shina shiga."

"Wurin zaman sifirin bai yi daidai ba. Sandar farfela kuma ta yi tsawo."

"Mi mai walda ka yi cikin garin ga? A yanke, a liƙe. Shina shiga!"

Wannan kalma ita ce ta bi shi har kabari. Takalmi ya matse yaro, shina shiga. Tunkiya ta goma sha biyar ta rasa wuri a bayan mota, shina shiga. Kwana huɗu suna yanka suna liƙi, ƙaurin walda har cikin miyata. Ya kuwa shiga. Tun ranar 'yan tasha suka raɗa mata Dafa-Duka.

Sai rigimar safaya. Wilin gaba huji biyar, na baya huji shida, na nan ba ya shiga can. Mai hankali sai ya ɗauki safaya biyu. Yaya Garba ya ce wurin da safaya ta biyu za ta zauna, buhun dawa guda ne. Ya ɗauki wili ɗaya ya kai aka huda masa, biyar a tsakanin shida. Ya shigo da shi gida yana gangarawa, yana washe baki kamar an yi masa haihuwa.

Na ce, "Yaya, ara mini in tace gasara. Rariyata ta tsage."

Ya ce, "Rariyarki na kai buhu goma Zurmi?"

Wilin nan ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Har ranar da ƙafar gaba da ta baya suka fashe tare a hanyar Zurmi. Da azahar sai ga shi a bayan ɗan acaɓa, rungume da taya, hular nan ta karkace, gemu duk jar ƙasa. Na jira ya sha ruwa, don ina da tausayi. Sannan na ce, "Da safaya biyu gare ka, da yanzu kana Zurmi kana cin tsire." Ya ajiye kwanon ya dube ni. Ya ce, "Da biyu gare ni, da ukku za su hwashe."

Yanzu na zo kanka, Lawali. Kada ka sunkuyar da kai, ƙannenka ba su san wannan ba. Da giyabos ɗinta ya gaji, ubanku bai nemi irinsa ba, ya ɗauko na wata mota daban daga Gusau. Aka sake yanke farfela. Sai dai a sabon, inda giya ta ɗaya take a da, nan ribas ya koma. Shi kaɗai ya sani, da ni da na ji shi yana faɗa wa kansa. Kai kuwa lokacin ka dawo daga birni, ka koyi tuƙi, ana ce maka direba. Ubanku yana barcin rana, ka zare makulli daga aljihun rigarsa za ka kai abokanka kallon ƙwallo. Ina jin ƙarar da sandar giya ta yi na ce, "Lawali, wannan ba gaba ba ce!" Ka ce, "Gwaggo, ki tsaya kan gyaɗarki." Ka taka.

Wayyo daddawata! Tabarma biyu na shanya a gindin danga ta cikin gidana. Danga ta kwanta, mota ta shigo mini tsakar gida da baya, kaji suka watse, akuya ta tsinke igiya. Ubanku ya fito da ɗan zane a kafaɗa. Bai dube ni ba, bai dube ka ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya shafa farfela, ya ce, "Walda ta riƙe." Sannan ya miƙa maka hannu, ka sa masa makulli. Ya ce, "Ka tambaye ta ina gabanta yake?" Ni kuwa da na ce a biya ni daddawa, cewa ya yi ai an daka mini ita kyauta.

Abu ɗaya da kowa ke yi mata dariya a kai shi ne nawar tafiya. Aksul ɗin nan na motar kaya ne, ƙarfi gare shi, gudu babu. Injin na ta kururuwa kamar za ta tashi sama, mai keke yana wuce ta yana ɗaga hannu. 'Yan tasha su ce, "Malam Garba, in ka kai Shinkafi gaida mutanen baɗi!" Ya ce, "Ku tahi, ina iske ku cikin laka."

Haka kuwa aka yi, amma ranar babu mai dariya. Damina ce, a shekarun nan da zaman ƙauye ya gagara. 'Yata Hadiza tana aure a wani ƙauye gaba da Gurbin Bore, ga ciki wata takwas, ga yara uku. Aka aiko cewa mutane na ta kwasar kaya suna barin garin. An kwana ana ruwa. Na aika tasha, duk direbobin suka ce ba su shiga: ga laka, ga tsoron hanya. Ban roƙi ubanku ba, don ya tsufa, ƙafarsa ma na ciwo. Ina cikin ɗaki ina kuka sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a bayan danga. Biyar, biyar, shida, shida. Ya leƙo ya ce, "Ige, ɗora tuwo da yawa."

Yini na yi a bakin ƙofa, gyaɗa ko ƙwaya ban ɓare ba. Kowace mota ta gifta in ce ba ita ba ce. Bayan la'asar, can nesa ta wajen titi, na jiyo kukan aksul ɗin nan, wuuu, kamar ana niƙa a nesa. In babu kaya kukan siriri ne. Ranar mai kauri ne, yana nishi. Na ce da maƙwabciyata, "Sun zo, kuma ba Hadiza kaɗai ya kwaso ba." Gida huɗu ya ɗauko, da tabarminsu da tukwanensu da wata tsohuwa makauniya. A hanya kuma ya sa igiya ya fizgo wata sabuwar mota da ta kafe a rafi. Hadiza ta ce lokacin da mutane suka yi cirko-cirko suna cewa ba za ta ɗauke su duka ba, kun san abin da ya ce musu. Yaron da ta haifa bayan sati uku shi ne Garba ƙarami, ga shi can yana cin ƙuli.

To, ranar Talata ina nan zaune, Lawali, ka kawo bakanikenka, mai sabuwar riga da akwatin kaya. Ya kwance ƙafa uku lafiya. Da ya zo ta baya ta hagu, noti ya ƙi. Ya hau kan sufana da ƙafa, ya sa bututu ya ƙara mata tsawo, gumi na zuba. Na ji ya ce maka tsatsa ta cinye, motar ta mutu, ga kayan cikinta ma babu biyu da suka fito gida ɗaya. Kai ka tafi amsa waya, ba ka ga sauran ba. Na ɗaga murya ta kan danga na ce, "Ɗana, juya shi kamar za ka ɗaure." Ya ce, "Hajiya, wannan aikin maza ne." Na ce, "Na sani. Juya dai." Sau nawa na ji ubanku yana gaya wa masu faci cewa ƙafar nan bahaguwa ce, haka aksul ɗin ya zo, notinta ta dama yake kwancewa. Yaron ya juya. Ƙiii, noti ya saki, da hannu ma ya ƙarasa shi. Ya daɗe yana kallon danga. Wannan bai gaya maka ba, ko?

Ba ta mutu ba, Lawali. Na san daga ina giyabos ya fito, na san sau nawa aka yanke farfela, na san kukan da take yi in tana son mai a aksul. Duk suna nan cikin kunnena, ni kuma ba yarinya ba ce. Har yau in an sallame asuba sai in ji na kasa kunne ta wajen danga, shiru.

Allah ya jiƙan Yaya Garba, ya yalwata masa kabarinsa kamar yadda bai taɓa barin kowa a bakin hanya don wuri ya cika ba. Allah ya sa ranar da ya isa ƙofar Aljanna a ce masa shigo.

Ga makullinta na biyu nan a ƙarƙashin filona, ya ba ni ajiya tun ranar daddawa. Kafin Asabar, wane ne cikinku zai zo da takarda da biro ya zauna in faɗa masa?