Hudu Mai Walda da Injin Ƙaninsa

Duk wanda ya gina gida a Dutsin-Ma shekarun baya ya san shagon Malam Hudu mai walda. Ƙofofin ƙarfe yake yi, amma abin da ya fito da sunansa shi ne adon da yake tayarwa a jikin farantin ƙarfe. Da guduma yake bin farantin a hankali, har fure ko ganye ya tashi kamar da ma a nan ya tsiro. A gabansa ƙaninsa Zubair ya koyi sana'ar, daga baya ya koma Kurfi ya buɗe nasa shagon. Hudu bai taɓa ɗaukarsa abokin gogayya ba, yakan ce hannun yaron nauyi gare shi.

Ana nan sai Jannat, 'yar Zubair, ta gama karatun injiniya ta dawo gida. Ba a daɗe ba labari ya iso Dutsin-Ma cewa uba da 'ya sun haɗa wani inji. A gasa farantin alminiyam har ya yi laushi, a hura masa iska, ya miƙe ya kwanta cikin mazubi, ya fito da ado ba tare da guduma ta taɓa shi ba. Har an ce tun kafin su yanka ƙarfe ko ɗaya, Jannat ta gwada injin a cikin kwamfuta.

Ranar kasuwar Kurfi Hudu ya ce wa matarsa Nana Hadiza zai je duba tunkiya, ya zarce shagon ƙaninsa. Jannat ta durƙusa ta gaishe shi, ta juyo masa da kwamfutar. Ya ga hoton faranti yana kumbura sannu a hankali, launinsa yana sauyawa. Ta nuna masa inda ya yi ja, ta ce nan ƙarfen zai sirance ya yage in zafi bai kai ba, ko aka matsa iska da gaggawa. Tsarin farko da suka zana ma, in ji ta, a nan suka gane ba zai yi ba, suka sake wani.

"Ƙarfen da ba ya ƙona hannu ai kowa ma ya iya shi," in ji Hudu.

Zubair ya yi dariya, ya miƙo masa wani faranti da suka fitar. Hudu ya shafa shi ciki da bai yana neman aibu, bai samu ba. Ya dawo gida ba tunkiya, ba fara'a.

Daga nan ya shiga haɗa nasa injin a bayan shago, da abin da idonsa ya ɗauko. Kowane faranti ya sa, sai ya yage a kusurwa. Ana cikin haka ya je gaisuwa Shema, ya tarar Alhaji Ummaru, wanda Hudu ne ya yi masa ƙofofin gidansa na farko, ya kafa ƙofar shagon Zubair a sabon gidansa. Hudu ya gaisa a tsaye ya juyo.

Nana Hadiza ta gaji da ganin tuwo yana kwana a kwano. Ta ce, "Malam, ka kira yarinyar nan mana. Ai 'yarka ce."

"'Yar Zubair dai," in ji shi.

Nana Hadiza ce ta kira ta a waya. Jannat ta zo da kwamfutarta, ta auna injin, ta shigar da awon. Jan launi ya fito daidai inda farantan suke yagewa. Ta ce kusurwoyin mazubin ne suka yi kaifi, wutar kuma ba ta game ko'ina. Hudu ya gyara yana gunaguni. Farantin da ya biyo baya ya fito lafiya lau.

Bai yi godiya ba. Ya daɗe yana kallonta tana naɗe wayar kwamfutar, yana tuna 'ya'yansa maza da duk suka tafi cinikin hatsi, ba wanda ya waiwayi shagon. Ya tambaye ta ko ba ta ganin Dutsin-Ma ta fi Kurfi ciniki, ga ɗaki a gidansa babu kowa. Ta yi murmushi ta ce, "Baba, sai dai ka tambayi ƙaninka."

Bai tambaya ba. Injinsa yana aiki har yau, wasu daga cikin masu sayen ƙofofinsa sun dawo. In hira ta biyo ta kan Zubair, sai ya ce ai ba gwaninta ba ce, Allah ne ya ba shi 'ya, ya kuma kawar da zancen.