Mai Aro Ba Ya Dashe

Ba son yawo ne ya raba Abatcha da garinsu ba, rairayi ne ya kore shi. An haife shi a wani ɗan ƙauye arewa da Yusufari, inda ubansa yake da gonar gero da 'yan dabinai a cikin kwari, kuma tun yana ƙarami ya san tudun yashi yana tafiya. Ba ya gudu, ba ya kuma hutawa. Bana ya ci bakin gona, baɗi ya ci tsakiyarta, in ka dawo bayan wasu shekaru sai ka tarar kan goruba kawai ke leƙowa. Mutanen garin kuwa da hannunsu suka share masa hanya, don duk itacen da ya tsaya a gabansa sai da suka sare shi suka kai kasuwar Nguru. Ba wauta ce ta sa su ba, yunwa ce.

Shekarar da yashi ya cike rijiyar garin, Abatcha ya ɗora matarsa Ya Fanne da 'yarsu Wasila a amalanke ya yi kudu. Ya ɗan taɓa dako a kasuwar Gashua, abin bai karɓe shi ba, don wanda ya tashi da fartanya a hannu ba ya jin daɗin ɗaukar buhun wani. Daga nan aka haɗa shi da Malam Ibram, wani dattijo ɗan ƙabilar Bade a wani ƙauye kusa da Dagona, mai gonar tudu da ta gaji har ciyawa ma ƙyamarta take yi. A gaban Bulama, mai garin, ya ba shi ita aro.

"Ka noma ka ci, kai da iyalinka, har ranar da Allah ya so," in ji Malam Ibram. "Ko dami ɗaya ba na nema. Sharaɗi guda ne, kuma ka san shi."

"Na sani, Malam. Mai aro ba ya dashe."

Wannan ba sabuwar magana ba ce a ƙasar. Gero damina ɗaya yake yi ya tafi, itace kuwa shi ke binne wanda ya dasa shi. Duk wanda ya kafa itace a gona ya kafa hujja, gobe 'ya'yansa za su tsaya gaban alƙali su ce, to wa ya dasa wannan in ba mai gona ba? Shi ya sa mai aro zai iya zuba taki, ya yi shinge, ya kafa rumfa, amma ba ya haƙa rami ya sa dashe.

To amma akwai dashe, akwai tsiro. Abin da Allah ya fitar da kansa daga kashin awaki ba a tuhumar kowa a kansa, kuma nan Abatcha ya sami ƙofa. Lokacin sharar gona, maƙwabta suna datse duk abin da ya ɗago kai su banka masa wuta, shi kuwa yana bin gonar a sunkuye yana neman ɗan gawo ko aduwa ko magarya. In ya samu sai ya kewaye shi da ƙaya, ya rage masa rassa, ya bar masa sanda ɗaya ta miƙe. Mutanen gari suka sa masa suna mai 'ya'ya a daji. Ya Fanne ma ba ta raga masa ba.

"Da za ka kula da ni yadda kake kula da gawon nan, Baban Wasila, da ƙofar ɗakin nan ta yi mini kaɗan."

Shekaru suka tura, gonar da ta mutu ta farfaɗo. Gawo yana zubar da ganye da damina, gero yana yin kai a ƙarƙashinsa kamar damtsen mutum. Malam Ibram yakan zo ya zauna a inuwa ya ce, Allah ne ya dasa, Abatcha makiyayinsu ne kawai. A kan haka dattijon ya rasu. Gonar ta koma hannun 'ya'yansa, babbansu Suhaibu, mai fataucin bandar kifi a Gashua, ya ce Baba Abatcha ya ci gaba yadda yake. An aurar da Wasila a Nguru. Ya rage daga tsoho sai tsohuwa sai gonar da ke ciyar da su, wadda ko taki ɗaya a cikinta ba nasu ba ne.

Bayan rikicin 'yan bindiga da ya addabi yankin ya lafa, baƙi 'yan yawon buɗe ido suka fara dawowa jefi-jefi da sanyi, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a ruwan Dagona. Mai kawo su wani mutumin Nguru ne, Ridwanu, mai mota da zaƙin baki. Yakan kai su su kalli tsuntsaye, sannan ya wuce da su Yusufari su hau tudun rairayi suna ɗaukar hoto suna cewa kai, kyau. Tudun da ya cinye gonar uban Abatcha, shi ake yi wa tafiya daga Abuja da Legas har da ƙasashen Turawa a zo gani. Duniya kenan. Baƙin sun ce hayaƙin jirgin da ya kawo su yana ƙara wa duniya zafi, don haka kowannensu yana son ya dasa itace kafin ya koma, ya wanke laifinsa. Ridwanu ya gwada bakin titi, awaki suka yi walima. Sai aka nuna masa gonar Abatcha.

"Baba, wuri nake nema inda akwai mai kula. Dakwara ce mai ƙaro, da maina, wato dogonyaro, a gefen arewa kawai."

"Ɗana, gonar aro ce. Ba na dashe."

"Ai ba kai za ka dasa ba, Baba. Baƙi ne za su dasa da hannunsu, naka hannun ko ramin ba zai taɓa ba."

Abatcha ya juya yana kallon gefen arewa. Nan ne iska ke shigowa farkon damina ta binne masa shuka, kuma ya daɗe yana jiran Allah ya fitar da tsiro a wurin bai fitar ba. Gaskiyar magana, so yake yi. Duk rayuwarsa bai taɓa ganin itatuwa sun tsaya a jere sun tare iska ba, sai dai ya ga ana kwashe su. Maganar Ridwanu ba hujja ba ce, shi ma ya sani, amma mai ƙishirwa ba ya duba launin ruwa.

"Ka je ka gaya wa Suhaibu tukuna," in ji Ya Fanne da ya ba ta labari.

"Zan je."

Bai je ba, don ya san amsar da zai samo.

Baƙi suka zo da hulunansu, aka ja igiya, aka haƙa ramuka a layi ɗoɗar. Kowa ya sa nasa, ya kafa masa ɗan allon ƙarfe mai ɗauke da sunansa, aka yi tafi aka shiga mota. Baƙo raɓa ne. Dashen sanyi kuwa ba ruwan sama a gabansa sai bazara, don haka Abatcha ne ya yi ta jigila da jaki da jarkoki daga bakin kogi, rana tana dafa masa ƙeya, har gwiwarsa ta fara ƙara. Kusan duka suka kama. Sanyi na gaba Ridwanu ya kawo wasu baƙin, aka ƙara layi, na gaba ma haka. Dakwara ta wuce tsayin mutum, iska ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Abatcha bai taɓa jin daɗi irin na waɗannan shekaru ba.

A can gidan Malam Ibram kuwa abubuwa sun matse. Ciyawar kachalla ta toshe ruwa ta cinye musu fadamar shinkafa, ƙannen Suhaibu suka fara waiwayen gonar tudu. Ga shi ba a daɗe ba wani ɗan'uwansu ya rasa gona sukutum a kotu, saboda mangwaron da mai aro ya dasa tun zamanin kakanni. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ana cikin haka wani ya nuna wa Suhaibu hoto a waya: ga gonar ubansa, ga layukan itatuwa, ga rubutu a ƙasa wai Dajin Abatcha.

Da hantsi aka taru a zauren Bulama. Suhaibu bai ɗaga murya ba, kansa ma a ƙasa yake.

"Baba Abatcha, tamkar uba kake a wurina. Amma abin da ka yi da mahaifinmu a zauren nan, ka karya shi."

"Wallahi hannuna bai sa ko ɗaya a rami ba. Baƙi ne suka dasa."

Bulama ya dube shi da tausayi. "Abatcha, Allah ba ya shuka a layi, kuma ba ya rataya wa itace suna. Baƙin nan, wa ya buɗe musu gona? Wa ya ba dashen ruwa?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ridwanu, da shi ma aka kira, ya ce a rubuta takarda, kowa ya sa hannu cewa gona ta gidan Malam Ibram ce. Suhaibu ya ce takarda gara ke cinye ta, itace kuwa yana nan bayan duk wanda ke zauren ya mutu, kuma shi ba zai bar wa 'ya'yansa shari'a da jikokin Wasila ba. Aka yanke magana: tsiron da ke gonar ya tsaya, dashe ya fita kafin ruwa ya sauka, in ba haka ba Abatcha ya fita.

Ina tsoho zai je? Arewa yashi, Nguru gidan suruki. Ya wasa gatari. Ƙannen Suhaibu sun ce za su taya shi, ya ce a'a, wanda ya shayar shi zai yanka. Ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, ƙaro yana tsatsowa daga saran yana manne masa a hannu. Ya Fanne tana kawo masa kunu ta ajiye ta koma, ba ta taɓa cewa ai na gaya maka ba, kuma wannan shirun ya fi masa ciwo. Ridwanu ya zo ya tattara allunan ƙarfensa a buhu, ya ba da haƙuri da gaske, ya tafi neman wani wurin, don baƙi na tafe da sanyi.

Damina ta sauka. Abatcha ya je gona wata safiya ya tarar kututturan sun tofo, kore shar, kowanne da 'yan rassa kamar ba abin da ya faru. Ranar kasuwa ya hau mota har Gashua, ya sami Suhaibu a rumfar kifi.

"Ɗana, sun fito da kansu. Ban ba su ruwa ba, ban taɓa su ba. Wannan ai tsiro ne."

Suhaibu ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, idonsa ya kaɗa.

"Saiwar ta dashe ce, Baba."

Da kaka ta yi, bayan an kai gero gida, Abatcha ya tara kara a kan kututture na farko. Ya fi kowa sanin yadda itace ke rayuwa, don haka ya san yadda ake kashe shi: a tone gindin, a cusa busasshen kashin shanu, a bar wuta ta ci a hankali har ƙasa. Ya durƙusa, ya yi bisimilla don bai saba fara aiki ba tare da ita ba, ya ƙyasta ashana. Iska ta kashe ta. Ya juya wa arewa baya, ya kare da tafin hannunsa, ya sake ƙyastawa.