Faifan da Ya Yi Gadin Hatsi

Yayana malamin lakwal ne, wato makarantar boko, mushe ake ce masa a duk unguwarmu a Filinge, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ciwon ƴan kwanaki ya ɗauke shi ana tsakiyar rani, bai bar ɗa ba. Bayan sadakar arba'in liman ya zo rabon gado, aka baje kayan mamacin a kan tabarma. Liman mutum ne mai tsoron hakki, ba ya yarda a haɗa abu biyu a kira su ɗaya. Ordinatarsa, wato kwamfuta, ta faɗo a rabona. Wayar cajinta ta bi jakar tarkace zuwa ɗakin ƙanwarmu da ke aure a Damana. Faya-fayenta na sede kuwa, da ke cikin kwalin takalmi, babu wanda ya ko dube su, sai Baba Ƙarami, ƙanen mahaifinmu, ya saɓa kwalin ya tafi da shi. Babu wanda ya san kaya ɗaya ne aka raba uku.

Idon Inna ya riga ya yi rauni, hoto ba ya yi mata amfanin komai. Wata rana da damina ta yi nisa ta kira ni ta ce, "Shina ɗaukar muryatai cikin abin ga, na sha jin shi daga ɗaki. Kunna min in ji ɗana." Tun rasuwar ba ta roƙi kowa komai ba sai wannan.

Na aika Damana aka kawo wayar cajin. Na kunna ordinatar, allon ya yi baƙi, sai ƴan layukan Faransanci farare, daga nan ba ta ƙara motsi ba. Na kira wani abokina mai gyaran irinsu a Yamai. Ya ce sistem ɗin da ke tayar da ita ne ya lalace, amma ajiyar ciki tana nan da yardar Allah. Ya gargaɗe ni kada in kai ta kasuwa, don masu gaggawa za su share ta tas su zuba sabo. In nemo faifan da aka sayo ta da shi, in tayar da ita daga kansa, in yi gyara.

A gona na sami Baba Ƙarami. Hatsi ya fara cika ido, lokacin da tsuntsaye jan-baki ke sauka garke-garke. Tun daga nesa na ga abu yana walƙiya a saman zangarniya. Ya zura faya-fayen a igiya, ya ɗaure tsakanin sanduna, iska na juya su suna kashe idon tsuntsaye. Ni mutum ne mai saurin fushi, raina ya ɓaci har na manta gaisuwa.

Ya ce, "Mi ya hwaru, ɗana? Madubban ga sun yi min aiki bana, ko kai guda tsuntsu bai taɓa ba."

Na gaya masa abin da Inna ke so. Tsohon ya ajiye hauyarsa. Bai bar ni na taɓa igiyar ba, shi da kansa ya bi sanda sanda yana kwancewa, yana goge kowane faifai da bakin rigarsa. Na so in ce masa gugar nan ƙara karce su take yi, sai dai na miƙa hannu ina karɓar su. Rana ta cinye rubutun da ke kansu, sai ta tambarin da ya yi daidai da na murfin ordinatar na gane wanda nake nema. Ya raka ni har bakin hanya, tsuntsaye kuwa sun riga sun fara sauka a bayanmu.

Na wanke faifan da ruwa da sabulu, na tsane shi da tsohon kallabi. Da la'asar, da wuta ta dawo, na zauna a rumfa, Inna a tabarma kusa da ni. Na sa faifan na kunna, ordinatar ta yi kamar ba ta san da shi ba, ta koma baƙin allonta. Abokina a waya ya ce ai sai an umarce ta, don ta saba neman sistem a cikinta kafin ta dubi baƙo. Akwai maɓallin da ake dannawa da zarar ta kama wuta, kafin ƙiftawar ido. Na yi ta kuskurewa, ina kashewa ina kunnawa, har wani shuɗin allo ya bayyana. A nan na ɗaga sunan faifan na ɗora shi a sahun gaba.

Sai ta fara gurnani. Ta nuna babban maɓalli a tsakiya, wanda ke zuba sabon sistem, abokina ya ce in yi nesa da shi kamar wuta. Can ƙasa a kusurwa akwai ƙaramin rubutu na gyara, shi na danna. Duk sanda ta kai wurin da igiya ta karce faifan sai ta tsaya tana kakari. Inna tana ta jan carbi. Dab da magariba allon ya buɗe.

Na binciki kowane lungu ina fatan in sami hira, ko dariyarsa, ko da kalma ɗaya ta Hausa. Babu. Abin da ya ɗauka duka dikte ne, wato shifta, da yake shirya wa ɗalibansa, Faransanci zalla, harshen da Inna ba ta san ko gaisuwarsa ba. Na ce da babu gara ba daɗi, na kunna ɗaya.

Muryarsa ta cika rumfar, a hankali, yana maimaita kowace jimla don yara su samu su rubuta. Inna ta saki carbin, ta karkato da kunnenta har ya ƙare. Na buɗe baki zan fassara mata, ta ɗaga hannu.

"Bari," ta ce. "Mura gare shi ran nan, ka ji hancinai a toshe. Da ya hwaɗa min, da na dama mai kunu da yaji."